Bindigogin kakana uku da dubu 600 a hannu: da me zan fara?

Jikan Maharbi, Ƙofar Gayan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga manya da waɗanda suka san harkar.

Da aka yi rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, an yi wa bindigogi uku da ya gada wurin kakanmu kuɗi aka sa su cikin kasona, don a gidan ni kaɗai ne na nuna ina so. Kakan namu maharbi ne, kuma yana cikin masu fita da bindiga ranar hawa. Biyu bindigogin toka ne ƙirar maƙeran gida. Ta ukun ita ce ta fi tsaya mini a rai: doguwa ce, idan na tsayar da ita tana kai mini haɓa, irin mai ƙanƙara ce, wato dutsen da ke ƙyasta wuta, da zobban tagulla guda huɗu a jikin bututun. Wurin da ake riƙewa ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi saboda hannu, ga wata laya da aka ɗinke da jar fata a gindinta, ga tsaga a katakon da aka ɗaure da ƙiri tun ban san ranar ba. Akwai burgaminsa da ƙahon da yake zuba albarushi. Yanzu duk suna jingine a bayan sif a ɗakin Baba, tsatsa ta fara cin ɗaya daga bakin.

Burina in tara kayan maharba da na 'yan bindigar Zazzau, in gyara zaurenmu in jera su, yara su taso suna gani. Na kwashi adashe wannan watan, naira dubu 600, kuma ba zan sake ganin kuɗi a dunƙule haka ba sai baɗi. Ina sayar da kayan gyaran babur ne a Sabon Gari.

Ga abin da ke gabana. Wani dattijo a wani ƙauye ta wajen Giwa yana da tsohuwar bindiga adaka, ya ce in kawo dubu 120. Wani kuma ya nuna mini hoton bindiga mai baki biyu ƙirar waje a waya, ya ce dubu 350, amma babu takarda, wai daga baya za a yi. Sannan ga takobi da kwari da baka da nake sha'awa. Matata ta ce in fara yin akwatin ƙarfe. Ni kuma ina tsoron kada adakar nan ta kuɓuce mini. Da me zan fara, nawa zan sa a kowanne?

Tsohon Sufeto, Tudun Wada

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Ɗana, mai baki biyun nan ka cire ta daga lissafinka yau, ka goge hoton daga wayarka, ka daina ɗaga kiran mutumin.

Dokar bindigogi ta ƙasar nan, wadda aka yi tun 1959, ta kasa su gida uku. Akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu. Akwai irin su mai baki biyu da na farauta, lasisinsu a hannun Sufeto Janar yake. Sai na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin naka ukun, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Mai baki biyu ba a sayenta a hannun wani mutum a bayan kanti, sai dillalin da ke da rajista, kuma takarda ce ke fara zuwa kafin bindiga. Ga shi 'yan sanda sun daɗe da dakatar da bayar da sabon lasisi na irinta. To wace takarda ce zai yi maka daga baya? A ƙarƙashin dokar fashi da makamai ta 1984, wanda aka kama da bindiga ba izini zai iya shan ɗaurin shekara 10. Kuma ba ka san inda ta biyo ba. In an taɓa tare hanya da ita, ranar da aka same ta a ɗakinka kai ne za ka amsa tambayar.

Naka ukun ma ba su tsira ba tukuna. Lasisi ba a gadonsa. Ko da marigayi yana da takarda, da sunansa aka yi ta, ta ƙare da rasuwarsa. Ka bincika akwatin takardunsa ko za ka ga tsohon lasisi ko rasit, ka ɗauki takardar rabon gado in alƙali ne ya raba, ka sami mai unguwarku ya san da maganar, sannan ka je ofishin 'yan sanda na yankinku da hotunan bindigogin, su gaya maka yadda za ka rubuta wa Kwamishina a Kaduna. Hotuna na ce. Kada ka naɗe su a buhu ka ɗora a babur ka ce za ka kai a gani, shingen farko za a tsare ka. In sun ce a kai su ajiya kafin a gama, ka bari su faɗi yadda za a kai, ka karɓi shaida a rubuce. Duk kuɗin da za ka biya ka nemi rasit na gwamnati.

Ka ware wa wannan zirga-zirgar kuɗin mota da na hoto da na lauya in ta kama. Shi ne kuɗin farko da zai fita daga dubu 600 ɗinka.

Baban Sadiya, Kwarbai

Yallaɓai Sufeto ya gama da ɓangaren hukuma. Ni zan yi magana kan ƙarfen da katakon, don gidanmu gidan ƙira ne, kodayake ni walda na koma.

Malam, kafin ka taɓa ko ɗaya, ka ɗauka cewa a ɗure suke. Maharban dā ba sa sauke bindiga idan sun dawo daga daji, sai su jingine ta haka, don gobe ma rana ce. Albarushi kuwa in bai sha ruwa ba yana iya shekaru masu yawa da ransa. Kada ka ja kunamar don ka ji ko tana aiki, kada ka leƙa bakin, kada ka kai ta kusa da murhu ko wajen mai walda. Masu aikin suna da yadda suke auna zurfin bututun su gane ko akwai ɗuri a ciki, kuma aikin wanda ya iya ne. Shi ma ƙahon ka duba shi, in akwai saura a ciki ka raba shi da ɗakin kwana. Ka tambayi 'yan sandan wa suka amince ya duba maka, domin gyaran bindiga, ko ta toka ce, sai maƙerin da ke da izini. Ni kaina ba zan karɓa ba ko ka kawo mini.

Na biyu, uwargidanka ta fi ka gaskiya. Akwati ne farko. Kuma ba irin akwatin kwano na kayan aure ba. A samo falankin ƙarfe mai kauri, a yi shi a tsaye, tsawonsa ya ɗara doguwar da kamu guda, a sa masa makullai biyu, a ɗaure shi da bango da manyan ƙusoshi ta ciki yadda ba za a ciccibe shi a fita da shi ba. A ɗaga shi daga ƙasa da bulo ko ƙafafu, don gidajen cikin birni da yawa na ƙasa ne, in watan Agusta ya kama bango yakan sha ruwa, ga gara. Cikinsa a yi masa matakala ta katako a lulluɓe da tsumma, kada ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe. A yadda kuɗin ƙarfe yake yanzu, in ni zan yi maka, ka tanadi wajen dubu 150 zuwa 180 har da ɗaurawa. Ka zaga wurin masu walda biyu ko uku ka ji nasu farashin, amma kada ka ce musu na bindiga ne. Ka ce na ajiyar kaya ne.

Na uku shi ne inda mutane suka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga tsatsa sai ya ɗauko samfefa ko burushin ƙarfe na inji ya goge har ƙarfen ya yi fari tas, ya kai wa kafinta ya kankare katakon ya shafa masa fenti mai ƙyalli. Na taɓa ganin wata da aka yi wa haka, an kawo mini in yi mata abin ratayewa. Da akwai tambari a gefen kunamar, mai ita ya ce har da haruffan Turawa, amma injin ya cinye su, sai ɗan gurbi da za ka ji da farce. Shi ke nan ba wanda zai ƙara sanin inda aka ƙera ta. Baƙin nan da ka ce hannun kakanka ya bari a kan katako, shi ne abin da ka gada. Ka bar shi. Ƙirin da ya ɗaure tsagar ka bar shi. Layar ma kada ka farke don ganin abin da ke ciki.

Abin da za ka yi kaɗan ne kuma ba shi da tsada. Man keken ɗinki da tsumma mai laushi. Ka ɗiga a inda tsatsar take, ka bar shi ya kwana, ka goge a hankali, ka maimaita. Jar tsatsa mai gari ita ce mai ci, ita za ka tsayar. Baƙi-baƙin da ya zauna lumui a jikin ƙarfe ba ya cutarwa. Ban da man gyaɗa, ban da manja, suna daskarewa su yi danƙo su kama ƙura. Kada man ya taɓa fatar ko katakon. Da damina ka zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa buɗe akwatin kana dubawa duk sati biyu. Da hunturu kuma katako ne ke wahala, yana bushewa ya tsage, don haka kada akwatin ya kasance inda rana ke dukansa ta taga. Burgamin ka kai wa baduku tsoho ya duba ɗinkin, ba don ya sake shi sabo ba. Duk wannan dubu 20 ta yi yawa.

Adakar Giwa kuwa, ina ganin ka ƙyale ta bana. Wanda bai gama tsayar da tsatsar uku ba, in ya ƙara ta huɗu aikin tsatsa ya ƙara wa kansa.

Malama daga Samaru

Sannunku da ƙoƙari. Ni malamar tarihi ce, kuma doguwar nan ce ta sa na tsaya.

Ƙanena, irin waɗannan masu ƙanƙara da yawa daga Turai aka yi ta kawo su, garuruwa irin su Birmingham a Ingila da Liège a Beljiyam sun ƙera su jibgi don kasuwar Afirka ta Yamma. Suna sauka a bakin teku, su hau ta kogin Kwara, su ratso ƙasar Nufe zuwa nan. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, suka bar masu ƙanƙara da albarushin kasuwa, shi ya sa tsohuwar ƙira ta daɗe a wajenmu bayan Turawa sun daina amfani da ita. Maƙeranmu kuma suka koyi gyara da kwaikwayo, har za ka ga bindiga bututunta na waje, katakonta na gida. A Zazzau, a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Yero, 'yan bindiga sun yi ƙarfi a rundunar sarki. Bayan shigowar Turawa a 1902 yaƙi ya ƙare, bindigar ta koma ta farauta da ta hawan Sallah, inda har yau muke jin ƙararta a gaban sarki.

Ban ce taka tana cikin waɗancan ba, sai an duba tambarin. Amma in ta tabbata tsohuwa ce haka, akwai wata dokar kuma bayan wadda Baba Sufeto ya kawo. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta ɗauki kayan hannu da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana fitar da su waje ba izini, ta kuma taƙaita saye da sayar da su ga wakilan da hukuma ta amince da su. Wannan ya shafi adakar dattijon in tsohuwa ce sosai, ya shafi takubba da sulke da ake yawo da su ana cewa na yaƙin da ne. Ka leƙa gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna da hotunanka, ka tambaye su. In ka sami sarari ka je Gidan Makama a Kano ka ga yadda ake jera irin waɗannan kaya da bayaninsu.

Shawarata kan kuɗi: ka ware wani abu, ko dubu 40 ne, don tattara labarin. Goro da kuɗin mota da ɗan abin da za ka riƙe wa tsofaffi. Wa ya rage cikin waɗanda suka yi farauta da kakanka? Akwai gwaggo ko ƙanwar kaka da za ta tuna daga wa ya sami doguwar, wane daji yake shiga, wane kirari ake yi masa? Ka naɗi muryarsu a waya, ka rubuta a littafi, kowace bindiga da shafinta: tsawonta, alamominta, wanda ya riƙe ta, wanda ya gyara ta. Ƙarfen zai jira ka baɗi in ka shafa masa mai. Tsofaffin nan ba lallai su jira ba. Adakar da za ka saya a hannun wanda ba ka sani ba, in ba ta zo da labarinta ba, tsohon ƙarfe kawai ka ƙara.

Jikan Maharbi, Ƙofar Gayan

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Sufeto, na bincika jakar takardun marigayi daren jiya, na sami wata tsohuwar takarda mai tambarin 'yan sanda da sunansa, ta yi ja ta kakkarye a maninka. Bindiga ɗaya ce a rubuce a ciki. Zan je da ita. Mutumin mai baki biyu na gaya masa ba na so.

Malama, akwai gwaggonmu a Tukur-Tukur, ita ce babbar 'yar kakan, idonta ya tafi amma kanta garau. Ta taɓa ce mini doguwar ba saye ya yi ba, wani ubangidansa ne ya ba shi. Ranar Juma'a zan je in zauna da ita.

Ga yadda na kasa: dubu 180 akwati, dubu 80 harkar takarda da zuwa Kaduna, dubu 50 na wanda zai duba ɗuri da man shafawa da baduku, dubu 40 na ziyarar tsofaffi. Ya rage dubu 250. Ina tunanin in sa dubu 150 a gyaran zaure, a yi silin da kabad mai gilashi, sauran in sayi kwari da baka sabbin ƙira wurin masu yi, tunda su babu rigimar kayan tarihi. Ya kuka gani?

Hajiya Yaya, Gyallesu

Ƙanina, zan shigo a nan, don zauren ne bai kwanta mini ba.

Zaure wurin kowa ne. Almajiri ya shiga, mai gyaran wuta ya shiga, baƙon maƙwabci ya fake wa ruwa a ciki. Ka san halin da ake ciki a ƙauyukan da ke kewaye da mu, ta Giwa har zuwa Birnin Gwari. Gidan da aka san akwai bindiga a ciki, ko ta toka ce, akwai masu nemansa. Gilashi ba ya tare kowa. Ka jera burgami da ƙaho da kwari da hoton kakanku a zaure in kana so, amma bindigogin su zauna a akwatinsu a cikin gida, ka fito da su ga wanda ka yarda da shi, ka mayar. Kuma don Allah ban da ɗora hotonsu a Facebook ko TikTok. Ko a nan ma ka riga ka faɗi unguwa da sana'a, ya isa haka.

Sai yara. Ina da maza huɗu, na san abin da ɗan shekara goma zai iya yi da makulli in ya ga inda ake ajiye shi. Makullan nan biyu kada su zauna wuri ɗaya, ɗaya a jikinka, ɗaya wurin maman yara. Ka zaunar da su ka nuna musu, ka ba su labarin kakansu, ka gaya musu ba a taɓawa sai kana nan. Yaron da aka nuna wa ya fi wanda aka ɓoye wa sauƙin tsarewa.

Dubu 250 ɗin da ta rage kuwa, ni da za ka ji tawa, dubu 100 kawai za ka taɓa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san adashe ba riba ba ce, kuɗinka ne da za ka ci gaba da zubi har zagaye ya ƙare. Ga kuɗin makaranta na tafe, ga shago yana son kaya. Ka mayar da dubu 150 cikin jari. In Allah Ya kai mu baɗi, takarda ta fito, ka san matsayinka wurin hukuma, sai a yi maganar ƙari, kuma daga ribar shago za ka riƙa cire wa wannan sha'awar wani abu duk wata, ba daga uwar kuɗi ba.

Tsohon Sufeto, Tudun Wada

Hajiya ta faɗi abin da na manta. Ƙari ɗaya: takardar da ka samu bindiga ɗaya ta ambata, to ka faɗi ukun duka a rubutunka, kada ka rage ko ɗaya. Ka yi hoton tsohuwar takardar ka ba su kwafi, asalin ya zauna a hannunka. In bindigogin ba za a ƙara harba su ba, ka rubuta haka, ka tambaya ko akwai yadda hukuma ke so a kashe su su zama na ajiya kawai, kada ka sa wani ya toshe su da kansa kafin ka ji daga bakinsu.

Baban Sadiya, Kwarbai

Malam, kafin ka je wurin mai walda ka auna doguwar da igiya daga gindi zuwa baki, tana kwance a ƙasa, bakin yana kallon bango. Igiyar za ka kai masa. Ka ce ya bar sarari na kamar guda biyu a matakalar, ko da Allah zai sa a ƙara nan gaba, don sake akwati ya fi faɗaɗa shi tun farko tsada. Ka ce ya shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, a bar shi ya sha iska sati guda warin ya fita kafin ka sa komai a ciki.